Garkuwar Jiki da Kaluluwa: Tambayoyin da Iyaye da Masu Jinya Suka Fi Yi a Damagaram

Na tattara waɗannan tambayoyi ne daga bakin iyaye mata masu kawo yara awo, da masu jinya da ke kwana a farfajiyar asibiti, da ɗaliban aikin jinya a nan Zinder. Na fara da masu sauƙi kafin masu zurfi, kuma inda wata amsa ta rataya a kan wata, na nuna wurin da za a duba.

Mene ne ake nufi da garkuwar jiki? Gaɓa ce guda kamar hanta ko ƙoda?

Ba gaɓa guda ba ce da likita zai ɗora hannu a kanta ya ce ga ta nan. Suna ne da aka ba tarin gaɓoɓi da ƙwayoyin halitta da sinadarai waɗanda ke warwatse tun daga fata har cikin ƙashi, kuma aikinsu shi ne su rarrabe na gida da baƙo, su kawar da baƙon idan mai cutarwa ne. Matakin farko shi ne hana shiga: fata mai lafiya, da majinar da ke kama ƙura a hanci, da hawaye da yawu masu ɗauke da sinadarin da ke fasa wani nau'in ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya, da ruwan ciki mai tsami wanda yawancin ƙwayoyin cutar da muke haɗiya ba sa tsira daga gare shi. Wannan mataki kamar ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye Birnin Damagaram da ita ne, sai dai kowace ganuwa tana da ƙofofi, kuma takan tsage.

Idan ƙwayar cuta ta ƙetare, mataki na biyu, wanda aka haife mu da shi, yana tashi cikin mintoci ko sa'o'i kaɗan ya afka wa duk baƙon da ya tarar ba tare da tantancewa ba. Mataki na uku yana da nawa, domin a karon farko yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya kankama, amma shi ne yake koyon kamannin kowace ƙwayar cuta ya kuma riƙe su shekaru. A kansa aka gina allurar rigakafi, kamar yadda bayani zai zo.

Su wane ne fararen ƙwayoyin jini da ake rubutawa a takardar awon jini?

Su ne ma'aikatan garkuwar. A ɗigon jinin da bai wuce kan allura ba, babban mutum mai lafiya yana da farare tsakanin 4,000 da 11,000, alhali jajaye sun haura miliyan 4. Fiye da rabin fararen wani iri ne da ake kira nitrofil, waɗanda ke fara isa wurin rauni su haɗiye bakteriya su mutu a wurin. Mugunyar da ke fita daga maruru, akasarinta gawarwakinsu ne. Akwai kuma makrofaj, manya masu daɗewa a cikin tsoka da huhu da hanta, masu share abin da ya lalace, sannan akwai limfosit, masu koyo da tunawa.

Wani masani ɗan Rasha, Mechnikof, shi ya gane aikin wannan haɗiya wajen kare jiki a 1882, lokacin da ya soka ƙaya a jikin wata ƙaramar halittar teku, washegari ya ga ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dafifi. Abin da ke faruwa ke nan a tafin ƙafar yaron da ƙarangiya ta karye a ciki: wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, domin jijiyoyin jini sun buɗe don fararen su sami hanyar fita.

Mene ne ruwan limfa, kuma me ya raba shi da jini?

Jini ba ya taɓa kowace ƙwayar halitta kai tsaye. A cikin siraran jijiyoyi, wani ruwa garai-garai yana tsattsafowa daga jini ya jiƙa tsoka, ya kai mata abinci, ya kwashe dattinta. Mafi yawansa yana komawa, amma kimanin lita uku a kowace rana sai wasu hanyoyi na dabam sun kwashe su, kuma da zarar ruwan ya shiga waɗannan hanyoyi sunansa limfa. Hanyoyin suna farawa ƙanana a fata da hanji da sauran sassa, su yi ta haɗuwa suna girma, har su juye abin da suka ɗauko cikin manyan jijiyoyin jini a gindin wuya, mafi girmansu ta ɓangaren hagu.

Limfa ba ta da zuciyar da ke tura ta. Motsin tsoka da numfashi da ɗan matsawar da hanyoyin kansu ke yi su ke tafiyar da ita, wasu ƙananan marufai kuma suna hana ta komawa baya. Wannan na cikin dalilan da suka sa wanda ya zauna a mota daga Zinder zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, yakan sauka takalmi ya matse shi, washegari bayan ya taka ƙasa kumburin ya saɓe. Hanyoyin limfa na hanji kuma su ke ɗaukar maiƙon abinci, shi ya sa bayan cin abu mai kitse suke yin fari kamar madara.

To, ita kaluluwa fa? Cuta ce da ke fitowa, ko dama tana nan?

Dama tana nan. A Hausa ba mu cika ambatarta ba sai ta kumbura, shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukarta cuta, amma kowane mutum yana da kaluluwa kusan 500 zuwa 600 jere a kan hanyoyin limfa, a wuya da hammata da matsematsi da cikin ƙirji da ciki. Duk wanda ya taɓa gyara kayan cikin ragon layya ya gan su: ƴan dunƙule-dunƙule masu launin toka, kamar ƙwayar wake, a nutse cikin kitsen da ke riƙe da hanji. Ma'aikatan dabbobi masu duba nama a mahauta su suke tsagawa don su gane ko dabbar tana da tarin fuka, domin cuta takan bar sawunta a nan.

Kowace kaluluwa matata ce. Limfa tana shiga ta gefe ɗaya ɗauke da duk abin da ta kwaso, makrofaj su kama ƙwayoyin cuta, a nuna wa limfosit kamanninsu, wanda ya dace da su kuwa ya shiga hayayyafa dubbai a kan dubbai. Wannan hayayyafa ita ce kumburin da ake ji da yatsa.

Me ya sa ciwo yana yatsan ƙafa amma kaluluwa ta fito a matsematsi?

Saboda kowane yanki na jiki yana da matatar da limfarsa ke bi. Ta ƙafa tana bi ta matsematsi, ta hannu da nono tana bi ta hammata, ta baki da haƙori da maƙogwaro tana bi ta ƙarƙashin haɓa da gefen wuya, ta fatar kai kuma tana bi ta ƙeya da bayan kunne. Don haka idan uwa ta ce mini ɗanta yana da kaluluwa a ƙeya, kafin in taɓa wuyan sai in buɗe gashin kansa, kuma sau da yawa sai in tarar da makero ko ƙuraje. Irin wannan kaluluwa tana da taushi, tana zafi idan an taɓa, tana motsi a ƙarƙashin fata, kuma tana saɓewa cikin mako biyu zuwa uku bayan ainihin ciwon ya warke. Maganinta shi ne maganin ciwon da ya tayar da ita.

Yaushe ne kaluluwa take zama abin da za a kai asibiti ba tare da jira ba?

Idan ta wuce wata guda ba ta ragu ba, ko tana ƙara girma, ko ta yi tauri ta manne ba ta motsi, ko ta fito a ramin da ke saman ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, ko kuma ta zo tare da rama da zufar dare da zazzaɓin yamma. Abin da ke yaudarar mutane shi ne rashin zafi: sai a ce tunda ba ta ciwo ba komai, alhali wadda ba ta ciwon ita ce ta fi bukatar bincike.

A yankinmu abu uku ake fara tunani. Na farko tarin fuka na kaluluwa, wanda yakan kama wuya ko da mutum ba ya tari, kaluluwoyin su manne da juna, daga baya su fashe suna zubar da ruwa. Maganinsa na wata shida ne kuma ana warkewa sarai. Na biyu ƙanjamau, wanda amsarsa tana ƙasa. Na uku sankarar limfa, musamman irin wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kama muƙamuƙi ko cikin yara, mai girma cikin makonni kaɗan, amma kuma mai jin magani idan an zo da wuri. Na taɓa karɓar yarinya da aka yi wa sakiya sau biyu a wuya kafin a kawo ta, ramukan sun ƙi rufewa, kuma da aka auna tarin fuka ne. Watannin da aka ɓata sun isa a ce ta gama shan magani. Kada a tsaga kaluluwa, kada a ƙona ta, a kai ta inda za a ɗebi ruwanta ko tsokarta a duba.

Mene ne aikin saifa, kuma me ya sa take kumbura wa yara?

Abin da kaluluwa take yi wa limfa, shi saifa take yi wa jini. Tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, tana tsince jajayen ƙwayoyin jinin da suka tsufa bayan kwana 120 ko suka lalace, tana kuma kama wasu bakteriya masu sulɓin kwanso waɗanda ke haddasa ciwon huhu da sanƙarau. Zazzaɓin cizon sauro yana lalata jajayen ƙwayoyi da yawa, don haka yaron da yake ta fama da shi damina bayan damina saifarsa takan girma har a ji ta da hannu. Tsaga ko ƙunar da ake yi wa irin wannan yaro a gefen ciki ba ta isa ga saifar ba. Abin da ke sa ta koma shi ne maganin zazzaɓin da kwana cikin gidan sauro.

Ga mai sikila lamarin ya fi nauyi. Lanƙwasassun ƙwayoyin jini suna toshe saifa sannu a hankali, har yawancin masu SS, wato waɗanda suka gaji sikila ta uwa da uba, kafin su kai shekara biyar saifarsu ta daina aiki. Shi ya sa ake ba su penisilin kullum tun suna jarirai, ake kuma nacewa a kan rigakafinsu, kuma shi ya sa zazzaɓin da za a iya jira da shi zuwa safiya ga wani yaro, ga mai sikila na tafiya asibiti ne a daren. Haka nan idan cikinsa ya kumbura farat ɗaya ta hagu, tafin hannunsa da idonsa suka yi fari.

Ta yaya jiki yake gane ƙwayar cutar da bai taɓa gani ba?

Dukkan ƙwayoyin jini a cikin ɓargo ake yin su. Limfosit iri biyu ne manya, B da T, kuma kowane ɗayansu yana fitowa da wani maƙalli na kansa a jikinsa, kamar mabuɗin da aka ƙera tun ba a san kwaɗon da zai buɗe ba. Mabuɗan suna da yawan da kusan duk ƙwayar cutar da ta shigo za a sami wanda ya dace da ita. Jinkirin kwanakin farko na rashin lafiya shi ne lokacin neman wannan mabuɗi da ninka shi. Ƙwayoyin B suna zuba sinadaran kariya cikin jini, waɗanda likitoci ke kira antikor, su manne wa ƙwayar cuta su hana ta aiki. Ƙwayoyin T kuwa wasunsu suna kashe ƙwayar halittar da birus, wato ƙwayar cutar da ta fi bakteriya ƙanƙanta, ya ɓuya a cikinta, wasunsu masu suna CD4 su ke ba sauran umarni.

Akwai haɗari a nan, domin wasu mabuɗan za su dace da jikin mutum kansa. Saboda haka ƙwayoyin T sai sun bi ta wata gaɓa mai suna timus, a bayan ƙashin ƙirji, inda ake jarraba su, fiye da tara cikin goma su mutu a nan. Timus ya fi aiki a yarinta, yana motsewa bayan balaga, kuma yunwa tana motsar da shi tun lokacinsa bai yi ba, kamar yadda za a gani a amsar tamowa.

Me ya sa ƙyanda sau ɗaya take kama mutum, amma mura da zazzaɓin sauro suna dawowa?

Bayan an ci nasara, wasu daga cikin limfosit ɗin da suka yi aikin suna zama a jiki shekaru, wani lokaci har ƙarshen rai, kuma idan ƙwayar ta dawo suna murƙushe ta cikin kwanaki kaɗan tun mutum bai ji komai ba. Birus ɗin ƙyanda ba ya sauya kama, don haka gamuwa ɗaya ta isa. Mura kuwa ba cuta ɗaya ba ce, birus iri-iri ne sama da 200, kowane hunturu da wanda za a ci karo da shi.

Ƙwayar zazzaɓin sauro ta fi su dabara, domin tana sauya abin da take nunawa a bayan jajayen ƙwayoyin jini. Kariyar da babba yake samu rabi ce, an same ta ne bayan kamuwa da yawa, kuma tana raguwa idan ya bar ƙasar sauro. Ɗan ci-ranin da ya shekara biyu ko uku a Libiya ko Aljeriya ya dawo gida da damina, ya kula da kansa kamar baƙo. Ƙananan yara ba su riga sun tara wannan kariya ba, shi ya sa ake bi gida-gida da damina ana ba ƴan wata 3 zuwa 59 maganin kariya kowane wata; mai ciki kuma, musamman cikin fari, tata tana sauka, shi ya sa ake ba ta nata a wurin awo.

Yaya allurar rigakafi take aiki, kuma me ya sa yaro yake zazzaɓi bayanta?

Rigakafi yana nuna wa garkuwa ƙwayar cuta da aka raunana, ko aka kashe, ko wani ɓangare nata kawai, don ta koyi darasin ba tare da an biya da ran yaro ba. Ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu da kumburin wurin allura alama ce cewa ana koyon. Ƙurjin da ke fitowa bayan makonni a wurin allurar BCG ta tarin fuka ya bar tabo, shi ma haka ne, kuma ba ya bukatar a shafa masa komai.

Maimaitawar da iyaye ke ƙorafi a kanta tana da dalili. Allurar nan mai haɗe da kariya biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da tetanus da ciwon hanta, ana yin ta a mako na 6 da na 10 da na 14, domin kowace tana ƙarfafa abin da ta baya ta dasa. Ta ƙyanda da ta shawara a wata na 9, sannan ta ƙyanda ta biyu a shekara ta biyu. Dattawanmu masu tabon lamba a dantse sun ga agana da idonsu, kuma a 1980 aka tabbatar ta ƙare a duniya ta wannan hanya. Mashaƙon da ya ɓarke a yankin Matamaye a 2023 kuwa ya nuna mana abin da ke faruwa idan yara da yawa suka tsaya a allura ɗaya ko ba su samu ko ɗaya ba. Yaron da ya tsallake lokaci ba a sake masa daga farko, ana ci gaba ne daga inda aka tsaya, don haka a adana katinsa.

An yi mana allurar sanƙarau, me ya sa ya sake ɓarkewa?

Domin bakteriyar sanƙarau gida-gida ce, A da C da W da X da Y, kuma antikor ɗin da ya san kwanson ɗaya bai san na ɗaya ba. Allurar MenAfriVac da Nijar ta fara a 2010 ta nau'in A ce kaɗai, kuma ta yi aikinta, don A ya kusan ɓacewa daga ƙasashen Sahel. Annobar 2015 da wadda ta taɓa jiharmu daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 na nau'in C ne. A 2024 aka fara amfani da sabuwar allura mai haɗa nau'o'in biyar. Lokacin cutar ma yana da alaƙa da matakin farko na garkuwa, domin busasshiyar iska da ƙurar hunturu da bazara suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, inda bakteriyar ke zaune, har ta sami hanyar shiga jini. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗiga ga jariri, na tafiya asibiti ne nan take.

Da gaske ne dakashi yana da amfani? Kakanninmu suna cewa a matse a zubar.

Da gaske ne, kuma wannan na cikin wuraren da nake roƙon iyayenmu su sassauta, tare da sanin cewa don kare jariri suke faɗa. Jariri yana zuwa duniya da antikor ɗin uwarsa da suka ƙetara masa ta mabiya a watannin ƙarshe na ciki, kuma suna kare shi na wasu watanni kafin su ƙare. Amma hanjinsa sabo ne, ba shi da abin da zai tare ƙwayoyin cuta. Dakashi, wannan ruwa mai kauri da launin rawaya na kwana biyu zuwa uku na farko, cike yake da wani antikor da ke shafe cikin hanjin kamar yadda ake yaɓe ɗaki kafin damina, kuma uwa ta yi shi ne daidai da cututtukan gidan da jaririn zai zauna. A sa shi a nono cikin sa'ar farko.

Har wata shida nono ya isa, ko da a zafin watan Afrilu da Mayu, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari na nono ruwa ne. A garin da ruwa yake wuya irin namu, inda yakan bi ta jarka da randa da hannuwa da yawa kafin ya kai baki, cokali ɗaya na ruwa ga jariri yana iya zama mafarin zawo. Uwar ce za ta sha ruwan, ta yawaita shayarwa.

Me ya sa yaro mai tamowa ciwo kaɗan yake kayar da shi?

Antikor da ƙwayoyin garkuwa da abinci ake gina su. Idan abinci mai gina jiki ya yi ƙaranci, timus yana motsewa, fata da bangon hanji suna yin siriri, fararen ƙwayoyin jini suna rasa ƙarfi. Daga nan zawo ya kama yaro, zawon ya hana shi ci, rashin cin ya ƙara rage garkuwar, haka abin yake ta juyawa. Wani abin tsoro shi ne yaro mai tamowa mai tsanani yana iya ɗauke da cuta a jininsa jikinsa bai yi zafi ba, wani lokaci ma sanyi zai yi, shi ya sa ake haɗa masa maganin bakteriya ko da ba a ga alama ba.

Ma'aunin nan mai launi uku da ake ɗaurawa a dantsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, wanda garin Mirya da ke nan jiharmu na cikin wuraren farko da aka koya wa iyaye mata amfani da shi da kansu, idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafu biyu suka kumbura, a kai yaron ranar. Abincin gyaɗar nan na cikin leda da ake ba shi magani ne da aka auna da nauyinsa, ba na rabawa da yayyensa ba ne. A gida kuma, kunun hatsi zalla bai isa ba sai an haɗa da wake ko gyaɗa, da nono, da ƙwai, da ganyen zogale, da ɗan mai.

An ce yaron da ya yi ƙyanda yakan daɗe yana laulayi. Me ya sa?

Birus ɗin ƙyanda yana kashe ƙwayoyin tunawar da aka yi bayani a sama. Binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa yara marasa rigakafi sun rasa tsakanin kashi 11 da 73 cikin ɗari na ire-iren antikor ɗinsu bayan ƙyanda. Ƙurajen sun baje, amma jiki ya manta cututtukan da ya riga ya sani, sai ciwon huhu da zawo su biyo baya. Saboda haka ɓoye mai ƙyanda a ɗaki kuskure ne. Yana bukatar bitamin A don kare idonsa, da abinci, da sa ido na watanni.

Zazzaɓi cuta ne ko kariya?

Jiki ne da kansa yake ɗaga zafinsa, domin ƙwayoyin cuta da yawa ba sa yaɗuwa sosai a zafi, fararen ƙwayoyi kuma sun fi kuzari. Parasitamol yana sauƙaƙa wa mara lafiya, amma bai taɓa sanadin ba. A ƙasar sauro duk zazzaɓin da ya kai 38 a yi gwajin jini na yatsa cikin kwana ɗaya. Jaririn da bai kai wata uku ba, da mai jijjiga, da wanda ya kasa sha ko shan nono, ba a jira da su.

Cire belu yana kare yaro daga ciwon wuya?

A'a. Belu ɗan nama ne da ke taimakawa wajen haɗiya, kuma ba shi ke jawo amai ko rama ko tari ba. Yanke shi ga jariri yana buɗe rauni a wurin da ya fi ko'ina cika da bakteriya, yana iya jawo zubar jini da tetanus, yana kuma hana shi kama nono a kwanakin da ya fi bukatar dakashi. Masu kumbura idan maƙogwaro ya yi ciwo su ne tsokoki biyu na gefe, waɗanda likitocinmu ke kira amidal, kuma su ƴan uwan kaluluwa ne masu gadin ƙofar baki. Idan suka yi ja da farin mugunya tare da zazzaɓi, a nemi magani a kuma shanye shi duka, saboda dalilin da ke cikin amsar garkuwar da ke juya wa mai ita.

Tundurmi da gwaiwa suna da alaƙa da limfa?

Ƙwarai. Tundurmi ba sammu ba ne, ba kuma taka wani abu ba ne. Wasu siraran tsutsotsi ne da sauro ke sakawa, su zauna cikin hanyoyin limfa shekara shida zuwa takwas suna lalata su, har ruwan ya rasa hanyar komawa, ƙafa ta kumbura, fata ta yi kauri. Ga maza sukan tara ruwa a maraina, wanda yake ɗaya daga cikin abubuwan da muke kira gwaiwa, kuma ƙaramar tiyata tana gyara shi. Ƙwayoyin ibamektin da albendazol da ake raba wa gari duka sau ɗaya a shekara a inda cutar ke yaɗuwa suna kashe ƴaƴan tsutsar don yanke yaɗuwa. Wanda ƙafarsa ta riga ta kumbura, abin da ya fi taimaka masa shi ne wanke ta kullum da sabulu, da busar da tsakanin yatsu, da ɗaga ta idan ya kwanta, da sa takalmi, domin kowane ƙaramin rauni yana kawo zazzaɓin da ke ƙara toshe sauran hanyoyin. Kumburin ƙafafu biyu a lokaci ɗaya kuwa ya fi nuna zuciya ko ƙoda ko hanta, ko hawan jini ga mai ciki.

Me ƙanjamau yake yi wa garkuwa?

Birus ɗin, wanda aka gano a 1983, yana shiga ƙwayoyin CD4, wato masu ba da umarni. Mai lafiya yana da su tsakanin 500 da 1,500 a ɗigon jinin da aka ambata; idan suka sauka ƙasa da 200, cututtukan da jiki yake dannewa a da, irin su tarin fuka da farin baki da zawo mai daɗewa, sai su taso. Mutum yana iya shekaru ba alamar komai sai kaluluwa a wurare da yawa, don haka gwaji ne kaɗai ke faɗa. Maganin da ake sha kullum yana hana birus ɗin hayayyafa, CD4 su farfaɗo, mutum ya yi aikinsa ya yi iyali, mai ciki kuma ta haifi ɗa lafiyayye.

Garkuwa tana iya juya wa mai ita?

Tana iyawa, ta hanya biyu. Wani lokaci takan ɗauki abin da ba shi da illa a matsayin maƙiyi, kamar ƙura ko hayaƙi ko wani abinci ko magani, sai atishawa da ƙaiƙayi da asma. Idan fuska da leɓe suka kumbura numfashi ya yi wuya bayan allura ko harbin zuma, wannan na gaggawa ne. Wani lokaci kuma jikin kansa take kai wa hari. Ciwon sukarin yara haka yake faruwa. Haka ma ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba, inda antikor ɗin da aka yi don bakteriyar suke kama gaɓoɓi da marufan zuciya, yaro ya fara da ciwon gwiwa mai yawo daga gaɓa zuwa gaɓa, bayan shekaru ya zo da haki.

Akwai maganin ƙara garkuwar jiki da za a saya?

Ga mai cin abinci yadda ya kamata, babu kwalba ko ƙulli da aka tabbatar yana ɗaga garkuwa sama da yadda take. Abin da aka tabbatar shi ne cike giɓi: bitamin A ga yara kowane wata shida, zinki na kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari ga mai zawo, maganin ƙarin jini ga mai ciki. Kuɗin da za a kashe a kan kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba, gara a sayi wake da ƙwai da sabulu. Maganin bakteriya irin su amoksisilin kuma ba ya taɓa birus ɗin mura, kuma shan sa barkatai yana kashe bakteriya masu amfani na hanji, yana koya wa masu cutarwa jure magani.

Abin da ya fi damuna shi ne akasin haka, wato magungunan rage garkuwa da ake sayarwa a tire a kasuwa da tasha. Dekisametazon, wanda wasu ƴan mata ke sha don ƙiba, da wasu mayukan sauya launin fata, dangin magani ɗaya ne da likitoci ke amfani da shi da gangan don kwantar da garkuwa. Ƙibar da dekisametazon yake kawowa kumburin fuska da ciki ne, tare da hawan jini da sukari da raunin ƙashi, kuma tarin fukan da ke kwance yana iya tashi. Wadda ta daɗe tana shan sa kada ta daina rana ɗaya, domin jiki ya riga ya rage yin nasa sinadarin, kuma yankewa farat ɗaya tana iya kayar da ita. Ta ɗauki kwalin ko ledar maganin ta kai wa likita, ta faɗa masa tsawon lokacin da ta yi tana sha da adadin ƙwayoyin da take sha a rana, shi zai tsara mata yadda za ta rage sannu a hankali cikin makonni.